Yadda ake zama da mage mai ƙiriniya a cikin gida ba tare da ta ƙarar miki da kayan ɗaki ba

Ranar da magena Kwalli ta fasa min kwalbar humra ta uku ko kiran assalatu ba a yi ba, wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ne. Cikin barci naji tatsss, kafin in lalubo waya in haska ƙamshi ya gama cika ɗakin, gata nan zaune a kan durowar madubi ta zuba min ido tana kaɗa bindi, ɗan'uwanta Auta kuma yana can tsakiyar labule ya maƙale kamar ƙadangare ya rasa ta inda zai sauko. Humrar nan yayata ce ta aiko min daga Maiduguri, ko rabi ban yi ba. Maigidan ya tashi zaune yace "Uwargida, gobe in Allah ya kaimu a zuba su a buhu a kai su bakin kasuwa, ni kam na gaji." Nace "Dan Allah Abban yara kayi haƙuri ka bani wata ɗaya, in basu gyaru ba ni da kaina zan nema musu wani gidan." Yau shekara uku kenan suna nan tare damu, kuma abinda nayi a wannan watan shi zan zayyana miki daki-daki.

Ki fara da cire wa ranki samun kyanwar Lami, wadda ba cizo ba yakushi. Mage mafarauciya ce, haka Allah ya halicce ta, magen da take yawo a layi tana wuni tana laɓe wa ƙadangare, tana hawa katanga, tana bin ɓera a kwata, kafin dare ta gaji tilis. Taki kuwa da kika rufe a ɗaki biyu da falo duk wannan ƙarfin yana jikinta bai fita ba, to a kan labulenki da tangaran ɗinki zai fita. Tana yin barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma lokacin da jininta yake tashi biyu ne, goshin magariba da kuma asuba, shi yasa kullum ɓarnar a waɗannan lokutan take faruwa. Duk mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, bata ciyar da ita ba, bata kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Ni abinda na ɗauka a ciki, tunda ni na rufe ƙofar to duk abinda za ta samu a waje ya koma wuyana, cinta da shanta da wajen kashinta har da inda za ta huce gajiyar zama.

Mataki na farko, tun kafin ki damu da abinda za ta fasa, ki kawar da abinda zai kashe ta. Ki durƙusa a gwiwa ki zagaye gidan kina kallo daga ƙasa yadda take gani. Babban abinda nafi jin tsoro shine zare da allura, dan gidajenmu na Kano da wuya ki samu wanda ba a ɗinkin hula ko saƙa ko keken ɗinki a ciki. Harshen mage yana da ƙaiƙayi masu kallon ciki kamar ƙaya, in ta fara tauna zare bata iya tofar da shi, haɗiya kawai take yi, zaren ya je ya tattare hanji yana yanka shi. Auta ya taɓa yi min haka da zaren hula, na ga ɗan silin zare ja yana leƙowa ta bayansa, Allah ya taimake ni ban ja ba, dan da muka je asibitin dabbobi likitan cewa yayi "Hajiya, da kin ja da kin yanke masa hanji." In kin ga haka kar ki ja ko kaɗan, ki ɗauke ta sai asibiti. Zare, allura, robar ɗaure gashi, zaren buhu, duk a gwangwani mai murfi.

Sai su shinkafar ɓera da piya-piya, waɗannan kam fitar dasu za kiyi daga gidan gaba ɗaya, kuma ki sani in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma gubar na iya taɓa ta. In za ki fesa maganin sauro ki fitar da ita daga ɗakin tare da kwanon abincinta da na ruwanta, sai iska ta daki ɗakin sosai ta dawo. Paracetamol ɗin da muke bawa yara in sunyi zazzaɓi ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, hantarta bata iya sarrafa shi, kar wata ta ce miki ki ɗan gutsura mata. Dettol da Izal suma suna cutar da ita tunda duk abinda ta taka sai ta lashe ƙafarta, in kin goge ƙasa dasu ki sake bi da ruwa zalla ki bari ya bushe. Rijiya da durom da randa ko da yaushe a rufe da murfi mai nauyi. Kaskon turaren wuta kuwa kar ki kuskura ki barshi a ƙasa ki fita, bindi ɗaya ya isa ya kifar da garwashi a kan kafet, haka kyandir in an ɗauke wuta.

Bayan nan ne za ki zo kan kayan fashewa, kuma wannan ba wuya. Duk abinda yake a gefen tebur ko kan durowa mage za ta tura shi da hannu taga yadda zai yi, in ya faɗo kika taso da ihu ta gane cewa ga hanyar da ake tashinki. Humra da turare da kwalaben mai na mayar dasu cikin durowa, tangaran da kofunan gilas suna cikin shogilas mai makulli, talabijin kuma nasa aka kafe ta a bango. Wayoyin caja na zura su a cikin irin farin bututun nan da masu wayarin suke amfani dashi, dan Kwalli ta cinye min caja biyu, banda asarar ma in wayar na jikin soket wuta za ta iya janta. Labule na daina barinsa yana jan ƙasa, da rana ina ɗaure shi sama, gidan sauro ma da mun tashi ake naɗe shi.

Mataki na biyu shine zuciyar maganar duka, wasa. Wallahi da za ki bar duk sauran ki riƙe wannan kaɗai za ki ga canji cikin sati. Ki samu siririyar sanda mai tsayin kamu biyu, ki ɗaura mata igiya mai kauri irin ta takalmi, a ƙarshen igiyar ki ɗaura gashin kaza ko na zabo guda huɗu ko biyar, ko ƙyallen atamfa da kika yayyanka. Shi kenan kin gama haɗa abin wasa, ba sai kin sayi na kanti ba. Inda mutane suke kuskure shine yadda suke kaɗa shi, sai kiga ana dungura wa mage abin a fuska tana kauda kai, a ce ai bata son wasa. Ɓera baya zuwa wajen mage, gudu yake. Ki ja shi a ƙasa yana nisa da ita, ki tsaya cak, ki ɗan motsa shi kaɗan kamar yana numfashi, ki shigar dashi bayan kujera ya ɓace mata. Za kiga ta kwanta ta yi lamo, ƙwayar idon ta buɗe tayi baƙi ƙirin, ta fara karkaɗa ƙugu, mage mai kwanciyar ɗaukar rai kenan, sai ta daka tsalle. Ki barta ta kama lokaci-lokaci ta ciccije shi ta tattake da ƙafafun baya, in kullum kina fizgewa zuciya za tayi ta daina.

Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau biyu a rana. Ni nawa ɗaya bayan la'asar sakaliya, yara ma sun karɓe min wannan in sun dawo daga Islamiyya, na biyun kuma bayan isha'i dab da kwanciya, kuma wannan na daren shine mai muhimmancin. Da kin ga ta fara kwanciya a gefe tana kallon abin kawai to ta gaji, a take ki zuba mata abincin dare. Tsarin jikinta kenan, tayi farauta, ta ci, ta lashe jikinta, tayi barci. In kin gama ki ɓoye sandar a inda bata kaiwa saboda igiyar. Kuma dan Allah ki hana yara yi mata wasa da hannu ko ƙafa tun tana ƙarama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'yar kyanwar da ta saba cizon yatsa ana dariya ita ce za ta girma tana kamo ƙafar baƙi daga ƙarƙashin kujera.

In ta zo tana kuka a ƙofa da asuba, kar ki tashi ki bata abinci ko sau ɗaya, ko tsawa kar kiyi mata, dan tsawar ma amsa ce a wajenta. Kwana uku zuwa sati za ta ƙara ƙaimi sannan ta haƙura. Ni sai nayi sallah na gama lazimi gari ya fara haske nake zuba musu. Da azumi ne kawai tsarin yake rikicewa saboda sahur, bayan sallah sai mu sake sabon lale.

Mataki na uku, wajen karce da wajen hawa. Karcen kujera ba za ki iya hana shi ba, tana cire tsohon ɓawon farce ne, tana miƙe jijiyoyin bayanta, kuma a tafin hannunta akwai wani wari da take bari a wajen wanda mu bama ji. Sai dai ki canza mata wajen. Na sa aka sayo min guntun katako mai kauri a 'yan katako na Na'ibawa, tsayinsa kusan mita ɗaya, kafintan layinmu ya kafa shi a kan faffaɗan falanki mai nauyi, na nannaɗe shi da igiyar rama tam-tam tun daga ƙasa har sama. Abu biyu za ki kula, ya zama tana iya miƙewa tsaye a jikinsa gaba ɗaya, kuma kar ya yi rawa, in ya girgiza sau ɗaya ta koma kan kushin ɗinki da baya motsi. Ki ajiye shi daidai jikin kujerar da take karta, ba a lungu ba, hannun kujerar kuma ki lulluɓe shi da leda mai santsi na sati biyu ko uku. Wata magen a kwance take son karce, ita sai ki jefa mata tsohuwar tabarmar kaba ko kwali mai kauri. Kan farcen kuma duk bayan sati biyu ko uku ina ɗan datse shi da abin yanke farce, ki matsa tafin a hankali farcen zai fito, ki cire ɗan tsinin fari kawai, kar ki kai wajen da yake ja-ja dan nan jini ne.

Hawa kuwa, mage tana iya tsallen da ya kai kusan ninki biyar na tsayinta, kuma hankalinta yafi kwanciya a sama. Na share musu saman wardrob na shimfiɗa tsohon zani, kafinta ya buga min falanki biyu a bango kamar matakala, ɗaya a jikin taga inda suke wuni suna kallon tsuntsaye. Tunda suka samu nan suka rabu da labule. Ki dai tabbata ragar tagar mai ƙarfi ce, musamman in a bene kike.

Mataki na huɗu, bayan gida, wanda shine yake sa yawancin mutane korar mage. Ki sayi baho na roba mai faɗi a Ƙofar Wambai, wanda za ta iya juyawa a ciki a sake, faɗinsa ya fi tsayin jikinta da rabi. In maguna biyu ne baho uku, ƙa'idar ita ce adadinsu a ƙara ɗaya. Akwai yashin kanti na musamman a manyan shaguna mai dunƙulewa, yana da kyau amma da tsada, ni yashin gini nake amfani dashi, in tankaɗe shi da rariya in shanya a rana ya bushe ƙayau, in zuba kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Ki ajiye a wajen da ba hayaniya kuma nesa da kwanon abincinta, kar ya zama bayan ƙofar da ake rufewa da dare. Kullum safe da yamma a kwashe kashin da jiƙaƙƙen yashin, duk bayan kwana uku ko huɗu a zubar gaba ɗaya a wanke bahon da omo, lokacin zafi na watan Maris zuwa Mayu kam sai an fi haka yawan canzawa. Mai ciki kar ta yi wannan aikin, akwai wata ƙwayar cuta a kashin mage da take iya taɓa ɗan tayi, ƙwayar kuma sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar take zama mai kamawa, shi yasa kwashewar kullum take da amfani. Wani ya karɓe ta, in ba kowa ta sa leda a hannu ta wanke da sabulu.

In tayi fitsari a kafet ko katifa ko sallaya, ki fara danne wajen da tsumma ya tsotse, kar ki goga, sai ki zuba khal da ruwa rabi da rabi, ki sake tsotsewa, ki wanke da ruwa sosai ki kai rana. Kar ki zuba bilic a kan fitsarin kai tsaye, haɗuwarsu tana tada iska mai cutar da ƙirji. In warin bai fita tas ba nan za ta dawo. Ita kanta magen ba najasa bace, hadisin Abu Ƙatada yana nan a Muwaɗɗa cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, dan haka in ta sa baki a ruwan alwala ba komai, fitsarin ne dai sai an wanke. Magen da ta saba da baho ta dawo tana yi a waje, ko dai bahon yayi datti ko bata da lafiya. Muzuru musamman, in kika ganshi yana ta zuwa baho yana nishi yana kuka ba abinda ke fita, mafitsara ce ta toshe, ranar za ki kai shi asibiti ba gobe ba, wannan yana kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Mataki na biyar, kicin. Ƙofa a rufe, tukunya a rufe, kwandon shara mai murfi. Kifi banda da kilishi da dambun nama a kula ko firji, leda ba ta tare mage. Amma ki duba ko yunwa ce take sa ta satar, dan da yawa tuwo da miya ake zuba mata a ce ta ƙoshi. Mage nama take buƙata, akwai sinadarin da ake kira taurin wanda a nama kawai take samunsa, rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya. Ba sai tsoka mai tsada ba, zuciya da ƙundun kaza da guntattakin wajen mahauci da kifi da ƙwai, a dafa ba gishiri ba magi, hanta kuma kaɗan-kaɗan. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, saboda haka ragowar miya da tsire mai yaji ba nata bane. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke ta. Madara da muke ganin gata ce, yawancin manyan maguna gudawa take sa su. Ruwa mai kyau dai kar ya yanke, ni kwano biyu nake ajiyewa a wurare daban.

Mataki na shida, asibiti. Ki saka ta a kwandon roba mai murfi ki ɗaure, kar ki rungumo ta a hannu cikin adaidaita sahu, ƙara ɗaya za ta ji ta fizge ta shige cikin motoci. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, akwai masu zaman kansu a gari. Daga wata uku ake yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, ana maimaitawa duk shekara, ki karɓi katin ki adana. Su za su baki maganin tsutsar ciki da na ƙuma daidai nauyinta, kar ki shafa mata na kare dan wasu daga ciki guba ne ga mage. Ki kuma yi musu maganar aikin hana haihuwa, mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, kukan daren nan da neman tsallake katanga da fitsarin da muzuru yake fesawa a bango mai warin tsiya, yawanci duk daga nan suke. Ni sai da na tambayi malaminmu kafin aka yi wa nawa, ke ma ki tambayi naki hankalinki ya kwanta. In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, in ba a yi mata rigakafi ba ko baƙuwar mage ce a tafi asibiti a ranar.

Duk da haka wata rana sai ta yi ɓarna, jiya-jiyan nan Auta ya kifar min da kofin kunu. Kar ki dake ta, kar ki dangwara mata hanci a wajen, bata haɗa dukan da abinda tayi minti biyar da suka wuce, tsoronki kawai za ta koya, mage mai tsoro kuma ita ce mai fitsari a lungu da cizo. In kin kama ta tana cikin yi ki tafa hannu sau ɗaya, ki ɗauke ta ki kai ta inda ya halatta, jikin katakonta ko saman falankinta, in ta yi a can ki shafa ta ki bata ɗan abu.

Sai maƙwabta. Dattijon da muke katanga ɗaya yana kiwon tantabaru, sau ɗaya Kwalli ta sulale ta ƙofar tsakar gida ta kashe masa ɗaya, na sa hijabi na shiga da kaina nace "Baba, magena ce tayi, a faɗa min kuɗinta in biya." Yace "Haba 'yata, Allah ya kiyaye gaba, ki dai riƙa kula da ƙofa." Tun ranar nasa aka yi min ƙofar raga mai sifirin da take rufe kanta, yara kuma sun san in za a buɗe ƙofar waje sai an duba ƙasa tukunna. In za muyi tafiyar sallah ko biki da zai kai kwana biyu, ina barin makulli wajen ƙanwata tana zuwa safe da yamma ta zuba abinci ta canza ruwa ta kwashe baho, sandar wasan kuma ina rataye mata ita a bayan ƙofar kicin.